Hodar fenti ta ƙi shiga lungun taga: laifin bindiga ne ko na wayar ƙasa?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum masu sana'a. Ina neman shawara. Na shigo da injin feshin hoda daga Chana, irin wanda ke ba hodar caji ta manne wa ƙarfe kafin a gasa. Aikina tagogi ne da ƙofofi da kujerun ƙarfe a nan Kano. Matsala biyu ke damuna. Ta farko, hoda ba ta shiga kusurwa, duk inda ƙarfe biyu suka haɗu sai ka ga wurin fayau kamar ba a fesa ba. Ta biyu, rabin hodar a ƙasa take ƙarewa. Na murɗa wutar har ƙarshe, 100 kV, wato volt dubu ɗari, abin sai ma ƙara lalacewa yake, fuskar fentin ta fito da ƙananan ramuka. Injin ne jabu ko yaya?

Alhajin Panteka:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wa ya aike ka? Mu nan tun kafin a haifi wasunku muke fesa jan fenti na ƙasa, mu bi da fentin mai, kuma ƙofofin suna nan tsaye. Sayar da abin nan ka huta.

Baban Khalifa:
Ranka ya daɗe, masu ba da kwangila ne suka matsa. Yanzu wasu ba sa karɓar kujera sai mai fentin gashi, wato na hoda da ake gasawa a tanda.

Injiniya Sharaɗa:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, kafin mu ɗora wa injin laifi, amsa min tambaya uku. Ina ka maƙala wayar ƙasa ta injin, wato wadda ke zubar da caji cikin ƙasa? Da me kake rataye kayan? Kuma nisan bakin bindigar da ƙarfen ya kai nawa?

Baban Khalifa:
Injiniya, wayar na maƙala ta a jikin ƙarfen rumfar da nake rataya. Ƙugiyoyin na rodi ne, ni na lanƙwasa su, su nake ta amfani da su tun farko. Nisa kuwa ina matsowa sosai, musamman a kusurwa, don hodar ta shiga.

Injiniya Sharaɗa:
To ga dukkan alamu injinka lafiyarsa lau. Bari in yi bayani daga tushe, don akwai masu karatu da ba su taɓa riƙe bindigar ba.

A bakin bindigar akwai ɗan tsinin ƙarfe kamar allura. Injin yana ɗora masa wuta mai ƙarfin gaske, har 100 kV, sai iskar da ke gaban tsinin ta cika da caji, hodar da ke wucewa ta kwasa. Irin abin da muke yi ne muna yara, mu goga biro a gashin kai ya ɗauki guntun takarda. Amma hodar ba za ta nufi ƙarfenka ba sai idan ƙarfen yana da hanyar zubar da cajin da ke isowa gare shi. Hanyar ita ce: daga tagar zuwa ƙugiya, daga ƙugiya zuwa sandar rataya, daga nan zuwa waya, daga waya zuwa ƙasa. Ko'ina aka yanke a wannan layin, tagar kanta za ta cika da caji iri ɗaya da na hodar, ta fara korar wadda ke zuwa. Shi ne kake ganin tana zuba.

Yanzu duba ƙugiyoyinka. Duk shigar da suka yi tanda, hodar da ta hau kansu ta gasu ta zama roba. Roba kuwa ba ta wuce wuta. Wato ka rataye tagarka a jikin roba ne kana jiran ta ja hoda.

Malam Wayarin:
Injiniya ya faɗi gaskiya, kuma ni zan ƙara da nawa ɓangaren. Rumfar da ka maƙala wa waya, ita a kan me take tsaye? Idan a kan siminti busasshe take, ko ƙafafunta da fenti, ba ta da wata alaƙa da ƙasa. Kada kuma ka dogara da ƙafa ta uku ta soket. A shagunanmu da yawa wannan ƙafar ba a haɗa ta da komai ba, ado ce kawai. In da janareta kake aiki ma abin ya fi muni, shi yana zaune kan tayoyin roba.

Ka sayi sandar ƙasa mai rufin tagulla, mai tsawon ƙafa 8, ka kafa ta dab da wurin feshin. Ka ja waya mai kauri daga kanta zuwa sandar rataya, ka kankare wurin ɗaurin har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure da noti. Wayar injin ma ta zo nan ta haɗu. Kada wayar ta yi tsawo tana zagaye shago.

Autan Oga:
Malam, mu a wurinmu Oga rodin gini kawai ya buga kamar kamu biyu, kuma yana aiki.

Malam Wayarin:
Yana aiki da damina, Auta. Ka dawo ka ba ni labari a watan Maris. Ƙasarmu in ta bushe, saman nan ba ya wuce wuta sosai, sai an nutsa an taɓo danshi. Shi ya sa wasu za su ce maka injinsu ya yi lafiya a Agusta, da hunturu ya shigo ya fara wasa. Ba injin ba ne ya sauya.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki. Mu nan in za mu kafa sandar, rami muke ginawa mu zuba gawayi da gishiri, mu riƙa ba shi ruwa. Wannan ya yi daidai?

Malam Wayarin:
Haka akasari ake yi, kuma yana rage turjiyar ƙasar, wato yadda take hana wuta wucewa, ba musu. Illarsa gishirin yana cin sandar da wurin ɗaurin a hankali, ruwa kuma yana wanke shi. In sandar tagulla ce ta gaske za ta jure, in mai ɗan shafe ce ta kasuwa sai ka tono ka tarar ta rube. Ni na fi son a ƙara zurfi ko a kafa biyu a haɗa su, a riƙa jiƙa wurin da rani.

Injiniya Sharaɗa:
Akwai ma'auni a kan wannan, ba sai an yi ta gardama ba. Ƙa'idar da masana'antu ke bi ita ce turjiya tsakanin kayan da ake fesawa da ƙasa kada ta wuce megohm 1, wato ohm miliyan ɗaya a ma'aunin turjiya. Ka ɗora ƙafa ɗaya ta mitar auna wuta a jikin tagar inda babu fenti, ɗayar a kan sandar ƙasa. In ƙaramar mita ta yi ƙara, shi ke nan, hanya a buɗe take. In ta yi shiru, ka bi layin ɗaya bayan ɗaya har ka gano inda ya yanke. Masu duba masana'antu da wata mita da ake kira mega suke aunawa, mai tura 500 V, amma kai mitar hannu ta ishe ka.

Wannan iyakar kuma ba don kyan fenti kaɗai aka sa ta ba. Ƙarfen da ba shi da hanyar ƙasa yana tara caji, ya saki tartsatsi in wani abu ya matso. Hoda a cikin iska kuwa tana kama wuta.

Alhajin Panteka:
Kun ji ko? Fentin da sai an kira mai wayarin kafin a yi shi. Allah ya kyauta.

Injiniya Sharaɗa:
Alhaji, ai ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1940 wani Ba'amurke Harold Ransburg ya fito da feshi mai caji, kuma da fentin ruwa ya fara, irin naku. Abin da ya ja hankalinsa asarar fenti ce. Kai da kanka ka san in kana fesa bogilari ko kujerar faif, fentin da ke bin iska ya fi wanda ke hawa ƙarfen. Da caji kuwa, wanda ya wuce ma yana lanƙwasowa ya kama bayan faif ɗin.

Alhajin Panteka:
Wannan kam gaskiya ne, bogilari na shan fenti. Amma mu mun san yadda muke jera su, na baya ya tare na gaba.

Baban Khalifa:
Injiniya, na gane batun ƙugiya. To kusurwa fa? Ko na gyara wayar ƙasa za ta shiga?

Injiniya Sharaɗa:
Za ta ragu, amma ba za ta tafi gaba ɗaya ba, don wannan wata matsalar ce daban. Layukan wutar da ke fitowa daga bindiga suna zaɓar ƙarfe mafi kusa da mafi tsini. In ka nufi lungu, sai su rabu su bi gefuna biyun da suka fi kusa, cikin lungun ya zama babu abin da ke jan hoda zuwa can. Masu sana'ar suna kiransa kejin Faraday, da sunan Baturen Ingila Michael Faraday da ya nuna a 1836 cewa caji ba ya shiga cikin akwatin ƙarfe, a bayansa yake tsayawa.

Abin da kake yi, ƙara wuta da matsowa, shi ne ainihin abin da ke ƙara tsananta shi. Ƙarin wuta yana ƙara wa gefunan ƙarfin ja. Matsowa kuma yana sa iskar bindigar ta daki lungun ta dawo, ta share ɗan abin da ya zauna.

Ga yadda nake koya wa yaranmu. Lunguna ake fara fesawa tun ƙarfen yana tsirara, kafin gefuna su tara caji. A sauke wuta zuwa 40 ko 50 kV. A rage iska har hodar ta riƙa fitowa a hankali kamar hayaƙi, ba da gudu ba. Kada a nufi tsakiyar lungun kai tsaye, a karkata bindigar a nufi ɗan gefe, hodar ta gangara ciki. In an gama lunguna sai a maida wuta 60 zuwa 80 a bi filin. Nisa kuwa kamar santimita 20 zuwa 25, wajen rabin kamu ke nan, kuma hannu ya riƙa tafiya, kada ya tsaya wuri ɗaya.

Autan Oga:
Injiniya, a jikin namu akwai lamba biyu, ɗaya kV ɗaya kuma wani harafi mai wutsiya da A. Oga ya ce kada in taɓa na biyun.

Injiniya Sharaɗa:
Wannan maikiro-amfiya ne, yawan cajin da ke kwarara daga bindiga zuwa ƙarfe. A gaskiya ma shi ya fi kV muhimmanci a wurin da muke magana. Duk matsowar da ka yi, lambar nan hawa take. In injinku yana bari a kafa mata iyaka, ku tsayar da ita wajen 20 zuwa 30 don lunguna da shafi na biyu. Amma ka tambayi Oganka tukuna, kada ka ce ni na sa ka.

Ramukan da Baban Khalifa ya ambata daga nan suke. In caji ya yi yawa a cikin hodar da ta riga ta zauna, sai ya fashe daga ciki ya tono ta. Ka haska fitila a jikin ƙarfen kafin ka gasa, za ka ga wasu 'yan taurari-taurari. In ka gan su, kada ka ɓata gas ɗinka, hure hodar da iska ka sake.

Baban Khalifa:
Wallahi na sha ganinsu, na ɗauka ƙura ce.

Ɗan Maraɗi:
Ni wata dabara na koya wurin wani da ya yi aiki a Libiya. Sai mu ɗumama ƙarfen a tanda tukuna, mu fito da shi da zafinsa mu fesa. Hoda na taɓawa take narkewa ta manne, ko lungu ko ba lungu. Ba ruwanmu da wata waya.

Injiniya Sharaɗa:
Dabarar tana nan, kuma tana da wurinta, amma "ba ruwanmu da waya" ɗin ne ban yarda da shi ba. Na farko, bindigar tana nan da wutarta a hannunka, haɗarin tartsatsi bai tafi ba. Na biyu, a kan ƙarfe mai zafi ba ka iya ganin kaurin da ka zuba, sai ka lafta ninki biyu ko uku. Fentin hoda ana son kaurinsa wajen maikiron 60 zuwa 80 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). In ya wuce sosai yana zubowa, ya yi gurɓi-gurɓi, kuma ya fi saurin ɓantarewa in an buge shi.

Ka yi lissafin kuɗi ma. Kilo ɗaya na hoda mai matsakaicin nauyi, a kan maikiron 60, a takarda yana rufe kusan murabba'in mita 11 in babu asara. Ka ninka kaurin, ka raba wannan biyu.

Ɗan Maraɗi:
To ai mu ba mu da abin auna kauri, da ido muke yi.

Injiniya Sharaɗa:
Da ido ma ana yi. Ka haska fitila, da zarar ka daina ganin ƙyallin ƙarfe ta cikin hodar, ka tsaya. Amma 'yar mitar auna kauri ba ta kai kuɗin kwalin hoda biyu ba, ka nema.

Maman Hanif:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri na shigo muku, ni ba mai sana'ar ba ce, makaranta nake da ita. An yi mana kujeru da gadajen kwana aka ce fentin gashi ne ba ya fita, muka biya kuɗi sama da na fentin gama-gari. Zango bai ƙare ba ya fara ɓarewa fale-fale, ƙarƙashinsa duk tsatsa. Ta yaya mutum zai gane aikin kirki kafin ya biya?

Alhajin Panteka:
Yauwa Hajiya, gara da kika zo. Ga shaida nan. Nawa in ya karce sai a shafa a wurin, nasu in ya fara ɓarewa sai dai a kankare duka.

Injiniya Sharaɗa:
A nan Alhaji yana da gaskiya, gyaran fentin hoda ya fi wuya. Amma abin da ya sami Hajiya ba laifin hoda ba ne. Tunda tsatsa ce a ƙarƙashi, kuma yana tashi fale-fale, to a kan datti aka fesa. Faif ɗin da muke saya yana zuwa da mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa a hanya, baƙin ƙarfe kuma yana da wani ɓawo daga masana'anta. Ga kashin walda, ga zufar hannu. Fentin mai yana da tina a ciki, tana ɗan narkar da maiƙon ta yafe wa mai aiki. Hoda ba ta yafe komai, a kan abin da ta tarar take kwanciya.

Tsarin shi ne a wanke maiƙo tukuna, sannan a kankare tsatsa da ɓawo, da injin feshin yashi ko garanda da samfefa, sannan a bi da ruwan fosfet, a ɗauraye, a busar sarai. Daga nan ba a sake taɓawa da hannu tsirara, kuma ba a bari ya kwana.

Hajiya, ga gwaji biyu da za ki iya yi a gaban mai aikin. Ki sa a zana layuka da reza a wani ɓoyayyen wuri, a tsaye da a kwance kamar gidan dara, a manna salatif mai ƙarfi a fizge. In murabba'an suka biyo salatif, kada ki karɓa. Na biyu, a jiƙa auduga da asiton, irin na goge farce, a goga wuri ɗaya sau da yawa. In launi ya biyo audugar sosai ko wurin ya yi laushi yana danƙo, bai gasu ba.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da na san wannan tun farko.

Malam Wayarin:
Hajiya ki kuma leƙa ƙarƙashin kujera da bayan walda. Mai ha'inci fuska yake gyarawa.

Baban Khalifa:
To 'yan'uwa, ga labari. Na kafa sandar, na goge ƙugiyoyi da garanda inda suke taɓa kaya da inda suke taɓa sandar rataya, mita ta yi ƙara. Na sauke wuta zuwa 50. Hodar har bayan faif take zagayawa. Lungu ya kama, sai dai can cikin inda angul uku suka haɗu har yanzu da ɗan haske.

Injiniya Sharaɗa:
Madalla. Wannan wurin ka sa bakin bindiga mai fitar da hoda a baje, ka ƙara rage iska. In ya ƙi, kashe wutar gaba ɗaya ka ɗan busa hoda ciki, sannan ka kunna ka bi kewaye. Akwai kuma wata irin bindiga da ba ta da tsinin wuta, hodar ce ke gogar bututun Teflon a ciki ta ɗauki caji. Ita ta fi shiga lungu, amma ba kowace hoda take karɓa ba, kuma tana da jinkiri. Ba na ba ka shawarar sayenta yanzu.

Ƙugiyoyin kuma ka mayar da gogewar al'ada. Ko ka yi su da siririyar waya mai araha ka riƙa zubarwa.

Alhajin Panteka:
Sai mu ga ƙofar bayan damina biyu. A nan ake sanin fenti, ba ranar da ya fito daga wuta yana ƙyalli ba.

Injiniya Sharaɗa:
Alhaji ya taɓo wani abu da ya kamata a tsaya a kai. Hoda iri-iri ce, kuma masu sayarwa da yawa launi kawai suke tambayarka. Ta ifoksi tana da riƙo da jure tsatsa, amma rana na cin ta, ta dushe ta riƙa fitar da gari kamar alli. Ita da gaurayen ifoksi da foliyesta na cikin ɗaki ne: gado, kabad, kujerar ofis. Get da taga da duk abin da zai sha ranar Kano, foliyesta zalla ake sa masa. In ana son ya daɗe sosai, a fara da shafin ƙasa mai sinadarin zinki, a gasa shi rabi, a ɗora foliyesta a kai da wutar bindiga ƙasa-ƙasa, a gasa duka. Ku karanta takardar jikin kwali, komai na nan a rubuce.

Autan Oga:
Mu matsalarmu farin fenti ne. Wani lokaci ya fito ruwan ƙwai, wani lokaci kuma ka buga shi ya fashe kamar gilashi. Kuma minti goma muke ba shi kamar yadda kwali ya ce.

Injiniya Sharaɗa:
Minti goma daga yaushe?

Autan Oga:
Daga rufe ƙofar tanda.

Injiniya Sharaɗa:
Nan ne. In kwali ya ce digiri 200 na minti 10, ko 180 na minti 15 zuwa 20, zafin ƙarfen ake nufi, ba zafin iskar tanda ba. Agogo yana fara aiki ne lokacin da ƙarfen kansa ya kai wannan zafin. Falle marar kauri zai kai cikin 'yan mintuna, filet mai kauri na ƙasan get zai iya ɗaukar rabin awa. In kun haɗa su a gashi ɗaya, mai kaurin bai nuna ba ya fashe, siririn da ke kusa da wuta ya ƙone ya yi ruwan ƙwai. Ku raba su gwargwadon kauri. Ku nemi ma'aunin zafi mai haskawa daga nesa, ku auna a kan wurin da ke da hoda, don a kan ƙarfe mai sheƙi ƙarya yake yi. Harshen wuta kuma kada ya ga kayan kai tsaye, a sa faranti a tsakani, da fanka mai juya iskar ciki.

Malam Wayarin:
Masu tandar gas, don Allah ku buɗe ƙofa iska ta ratsa kafin ku kunna ashana. In wuta ta mutu a tsakiyar aiki, rufe gas, buɗe ƙofa, jira. Tukunyar kuma a waje, nesa da wurin feshi.

Maman Hanif:
Tambaya ta ƙarshe, yarana sun ce wai a obin na girki ma ana iya gasa ƙananan abubuwa.

Injiniya Sharaɗa:
Ana iya, amma wannan obin ya bar girki ke nan har abada, Hajiya.

Tunda an zo batun lafiya: takunkumin tsumma ba ya tare hodar nan. A nemi mai matata. Wasu hodojin foliyesta suna ɗauke da wani sinadari, TGIC, mai illa ga fata da numfashi, ana rubuta shi a kwali. Mai feshi kuma shi ma yana cikin layin ƙasa. Mariƙin bindigar an yi shi ne ya taɓa tafin hannu, saboda haka ba a sa safar roba mai kauri, in an sa a yanke tafin. Takalmin roba ma yana sa mutum ya tara caji, ya taɓa ƙarfe ya ji ta fizge shi. Wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya kada ya kusanci wurin.

Ɗan Maraɗi:
Injiniya, mota fa? Wani ya kawo min ƙofar mota yana son a yi mata.

Injiniya Sharaɗa:
In akwai poti a jikinta ka mayar masa. Potin gyaran mota ba ya wuce wuta, hoda ba za ta kama shi daidai ba, kuma a digiri 200 zai kumbura ya tashi. Ga roba da gam da ke cikin ƙofar. Kamfanonin ƙera motoci da caji suke fesawa, amma akasari fentin ruwa ne, da wani ƙoƙo mai juyawa sau dubbai a minti a hannun na'ura. Akwai bindigar hannu ta fentin ruwa mai caji, sai dai ita sai fentin ya dace da ita: in yana wuce wuta da yawa cajin zai gudu ta cikin tiyo ya koma, in ba ya wucewa sam ba zai ɗauka ba. Ga tururin tina, wanda ɗan tartsatsi ya ishe shi. A wurin nan hatta bokitin fenti da gwangwanin tina sai an ɗaure musu wayar ƙasa, kuma ba a wanke bindiga da wuta a kunne.

Alhajin Panteka:
To a bar mana motocinmu dai. Kowa ya tsaya inda ya fi ƙarfi.

Baban Khalifa:
Alhaji, ai ba mu isa mu ƙwace ba. Injiniya, wata sabuwa: hodar ta fara fitowa guntu-guntu, bindigar na tofawa. Baƙar ce kawai, farar lafiya.

Injiniya Sharaɗa:
Buɗe kwalin baƙar ka damƙa. In ta dunƙule ta ƙi warwarewa, zafi ko danshi ya taɓa ta. A ina kake ajiyewa?

Baban Khalifa:
A cikin kwantena, bayan shago.

Injiniya Sharaɗa:
Fitar da ita yau. Masu yin hodar suna cewa a ajiye ta ƙasa da digiri 25 zuwa 30, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, balle cikin kwantena. Ka kai ta ɗaki mafi sanyi, a kan katako, bakin ledar a ɗaure. Wadda ta ɗan dunƙule ka tankaɗe ta da rariya mai laushi ka gwada a guntun ƙarfe, in ta narke sumul ka ci gaba, in ta fito da tsakuwa-tsakuwa ta mutu. Ka kuma duba kwamfuresa, ka buɗe noti na ƙasan tankin kullum ruwa ya fita, ka sa matatar ruwa da mai kafin iska ta isa injin.

Malam Wayarin:
Matatar kada a manna ta a bakin kwamfuresa, iskar na da zafi a nan, ruwan bai riga ya taru ba. A ba ta tazarar tiyo, a sa ta kusa da injin feshin.

Ɗan Maraɗi:
Ni kuma galbanaiz ne ke ba ni ƙuraje bayan gashi, ko na wanke shi yaya.

Injiniya Sharaɗa:
Iska ce da danshi ke fitowa daga cikin rufin zinkin in ya ji zafi, su huda fentin yana narke. Tukunyar ƙarfen zubi da alminiyam na zubi ma haka suke. A nan ne ɗumamawarka take da amfani: ka gasa shi tsirara tukuna, zafin ya ɗan ɗara wanda za ka gasa fentin da shi, ka bar shi ya huce, ka ɗan karce fuskar da yashi mai laushi, sannan ka fesa. In da hali ka tambayi mai sayar maka ko yana da hodar da aka yi don galbanaiz, tana jinkirin daskarewa don iskar ta samu ta fita.

Ɗan Maraɗi:
A nan ban ga mai ita ba. Baban Khalifa, in ka shiga kasuwa ka tambaya min, in akwai sai in turo kuɗi ka ba direba.

Baban Khalifa:
Ba damuwa, turo min launin da kilo nawa kake so ta akwatin saƙo.